Neman kalma: me za mu kira "metalisiti"?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe da safe zan naɗi shiri kan manyan taurari, waɗanda suka ninka rana nauyi sau takwas zuwa sama. Metalisiti ya tsayar da ni. In ce "yawan ƙarfe"?

Malamin fiziks, Kabuga: A'a, za ka ɓatar da mai sauraro. A wajen masana taurari duk sinadarin da ya fi haidirojin da hiliyam nauyi "ƙarfe" ne, har oksijin da kabon. Metalisiti shi ne yawan irin waɗannan sinadarai a jikin tauraro; ita kanta rana kusan kashi 1.4 cikin ɗari ne nata. Ka ce "sinadarai masu nauyi".

'Yar Gwale: Malam, amma ƙarfen gasken ne ke yin babban aikin. Hasken tauraro yana dukan ƙwayoyin ƙarfe da ke samansa, su haɗiye shi, su ja sauran gas waje da gudun da ya kai kilomita 2,000 a daƙiƙa. In ƙarfe ya yi ƙaranci, haske ba ya samun abin turawa. Shi ya sa taurarin Ƙaramin Gajimaren Majelan, wani ƙaramin gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu, mai metalisiti kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da rana ke da shi, ba sa ramewa sosai, wato ba sa asarar gas da yawa. Suna riƙe jikinsu da saurin juyawarsu, in sun mutu su bar ƙaton baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya tserewa daga cikinsa. Baƙaƙen ramuka biyun da cibiyar bincike ta LIGO ta gano a 2015 sun ninka rana nauyi kusan sau 36 da 29.

Baba na Fagge: "Sinadarai masu nauyi" bayani ne, ba suna ba. Na sha faɗa: tokar taurari. A cikin taurarin da suka mutu aka dafa su. Sai yaushe 'yan jami'a za su daina raina kalmar gida?

Malamin fiziks, Kabuga: Baba, ba raini ba ne. Hiliyam ma tokar haidirojin ce, kuma ba ya cikin lissafin.

Baba na Fagge: Ɗalibanka ba sa jin rediyo, mu ke ji. "Baƙin rami" da kuka karɓa, wa ya tambaye mu?

'Yar Gwale: Baba, a yi haƙuri, lokacin bawan Allah nan na tafiya.

Mai shirin rediyo: Na ɗauki "ramewa". Sauran zan ce sinadarai masu nauyi, in ambaci tokar taurari sau ɗaya wajen bayanin asalinsu.

Baba na Fagge: Sau ɗaya. To, Allah ya kai mu. Amma ban janye ba.