"Babu mugun sarki sai mugun bafade": ta hau zancen tsufa kuwa?

Hauwa'u, Jidda:
Salamu alaikum iyayena, ku raba mu gardama da Goggo. Ina yi mata bayanin darasinmu na likitanci kan tsufa sai na kawo karin nan, ta ce na ajiye shi ba a muhallinsa ba. Kowane zaren gado da ke cikin ƙwayar halittarmu yana da baki da ake kira telomiya. Furotin shida ne ke gadinsa, sunansu shelterin, su na kira fadawa. Su ke lulluɓe bakin don kada ƙwayar ta zaci tsinkewa ya yi ta haɗe shi da wani zaren. In ɗayansu ya samu tawaya, kamar TIN2, tun yaro na ƙarami farcensa ke lalacewa, fari ya fito masa a baki, ɓargo ya kasa yin jini. To ina laifin sarki, wato telomiyar?

Alhaji Sani tela, Hindawiyya, Makka:
Wa'alaikumus salam 'yata. Goggonki na da gaskiya. Mu dai da muka taso, talaka ke faɗin karin nan in an zalunce shi amma yana tsoron kama sunan sarki, sai ya jingina wa na kusa. Ladabi ne da ɓoye ƙorafi. Abin da kika kwatanta kalmasa ce. Yadi in ban kalmashe bakinsa ba, wanki biyu zare ya fara zubewa. Amma ko na kalmashe da kyau, jallabiyar da ta sha wanki shekara goma sai bakinta ya cinye. Wa za a zarga a nan?

Hauwa'u:
Baba ka kama ni. Ko fadawan lafiyarsu ƙalau, bakin na raguwa duk lokacin da ƙwayar ta rabu biyu. Tun 1961 wani masani mai suna Hayflick ya nuna ƙwayar mutum kan rabu sau 40 zuwa 60 ta tsaya.

Bashir, Madina:
To Yaya Hauwa'u, a ƙara wa zaren tsawo mana, kowa ya huta da furfura. Na ga ana tallar wasu ƙwayoyin magani a Facebook.

Hauwa'u:
Riƙe riyal ɗinka, Bashir. Jiki na da mai ƙara tsawon, telomerase, wanda kan bincikensa da na telomiya Blackburn da Greider da Szostak suka samu kyautar Nobel a 2009. Sai dai mafi yawan ciwon daji da shi yake samun damar yaɗuwa ba tsayawa. Akwai ma zuri'ar da POT1 ɗinsu, ɗaya daga cikin fadawan nan, ke da tawaya, telomiyarsu doguwa ce, amma sankarar fata ta fi kama su. Gajarta kuma na iya jawo tabo da taurin huhu.

Goggo Rabi, Jidda:
Ai shi ya sa na ce miki "in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa" ta fi dacewa.

Malam Idi, Jarwal, Makka:
Hajiya, waccan ta masu wuce gona da iri ce, ta hau maganar Bashir kaɗai. Ni ina bayan yarinyar nan a rabi: ga yaron da aka haifa da tawayar, bafaden ne mugu. Ga ni da Alhaji Sani kuwa, wanki ne kawai ya yi yawa.

Alhaji Sani:
Malam Idi, yi maganar kanka. Ni har yau ba tabarau nake zura allura.