'Yan Kemistiri na Jami'ar ABU, Samaru: shekara goma da gamawa, ina kowa ya kwana?

Monita: Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya ina laluben takardar haihuwar yarona sai ga hotonmu na ranar jarrabawar ƙarshe, fararen rigunan nan duk an cika su da rubutu, wallahi sai da na zauna a bakin gado. Kowa ya faɗo inda rayuwa ta kai shi. Ni Ebonyi aka jefa ni bautar ƙasa, alawus 19,800 ne lokacin (yaran yanzu 77,000 suke karɓa suna kuka, mu dai Allah ya gani). Na dawo na yi ta yawo da fayil har takalmina ya cinye, sai N-Power ta ɗauke ni a 2016, dubu talatin a wata, a firamare. Abin da na raina shi ya zama sana'ata, na yi PGDE (difilomar koyarwa ta masu digiri), yanzu sakandare nake koyarwa, mata ɗaya yara uku.

Ɗan Kwari: Malam Monita ashe alli ne ya riƙe ka! Ni kwalina yana ƙasan akwatin Hajiyarmu, tun da ta karɓa ta sa masa albarka ban sake ganinsa ba. Kawuna ne ya ce zo ka riƙe min shago na wata uku kafin aiki ya samu, to wata ukun ne har yau. Farko kunya nake ji in ɗan ajinmu ya gan ni ina ɗaga bandir ɗin shadda, har ɓuya nake yi bayan atamfofi, yanzu kuwa shago biyu gare ni, na sauke farali a 2023, kuma da hannu kawai nake gane yadin da zai zuba, ka ga ai Kemistirin bai tafi a banza ba.

Uwar biyu: Alhaji sai ka aiko mana da tsaraba. Ni ana sansanin bautar ƙasa aka ɗaura min aure, na kai takardun aure aka maido ni Kaduna wajen maigida. Masters ɗina kuwa labari ne, goyo a baya ciki a gaba, ina wanke kwalaben gwaji 'yan biyu na ihu a hannun ƙanwata a waje, yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya ƙara min wata takwas a kai. Na dai kammala. Yanzu ina ɗakin gwaji a wani kamfanin ruwan leda, da daddare kuma in haɗa sabulun ruwa da turaren tsuguno in tallata a WhatsApp, kuma gaskiya sabulun ya fi albashin kawo kuɗi.

Mai POS: Ku kun ji daɗi. Ni gonar gadonmu na sayar na ba wani mutum kuɗin gurbi a wata ma'aikata a Abuja, har takardar kama aiki ya kawo min da tambari, na ɗinka sabon kaftani na je, mai gadi ya duba ya ce ɗan'uwa kai ne na huɗu a satin nan. 'Yan uwana shekara biyu ba sa min magana. Da rumfar POS na farfaɗo, lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 na samu na fara biyan su.

Ɗan Kwari: Subhanallah, mutumina me ya sa ba ka neme ni ba? Kira ni anjima.

Uwar biyu: Monita, a hoton nan wanda ke durƙushe a gaba da jar hula, ka san ya rasu bara? Hatsarin mota a hanyar Zariya zuwa Kano. Ya bar yara biyu.

Monita: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ban ji ba wallahi. Shi ke ara min littafinsa duk ranar da na makara. 'Yar uwa nemo mana wanda ke riƙe da yaran, zan buɗe asusu, kowa ya sa abin da ya sawwaƙa kafin a koma makaranta.