Dokin da ya riga Kortes sauka

Malam Tawada:
Salamu alaikum. Yau Littafin Mormon ne a faifai, wanda Joseph Smith ya fitar a Palmyra ta jihar New York a 1830, ya ce fassara ce ya yi. Amsa-amo "ka".

Smith ya ce zinare ya haƙo a Kumora,
Alluna binne a ƙasar Amurka.
Wai Lihai da 'ya'yansa sun baro Ƙudus,
Kafin Masihu da ƙarni shida suka sauka.
To ina suka sami doki da alkama,
Takubban ƙarfe da siliki abin saƙa?
Sai 1519 Kortes ɗan Spaniya ya kai doki Meksiko,
Mai gardama, ga fili, kawo dokinka.

Ɗan Zangon Nima:
Malam, ja linzami kar ka yi zamiya,
Tafinta da harshen mutanensa yake aiki, ba naka.
Baƙuwar dabba sunan ta gida ake ba ta,
Masu kare shi sun ce tapir ne, ga amsarka.
Sha'ir ma na littafin, da aka ce babu shi a can,
A 1983 aka ba da labarin an tono irinsa a Arizona, je ka duba taskarka.

Gimbiyar Alƙalami:
Tapir, ƙanena? Wayyo cikina!
Mai guntun hancin giwa, shi ne ingarmanka?
Littafin cewa ya yi dawakai da karusai,
Ɗaura masa sirdi ran Hawan Daushe mu gan ka.
Ba'ibrane ya rufe zance da "adieu",
Faransanci a allon zinare, wa ya saka?

Na Bakin Ƙofa:
Allah ya ja zamanin Gimbiya! Yau Nima ta sha ƙasa.

Inna Zango:
Ku dai Kanawa naku ba ya laifi. Yaron nan hujja ya kawo, ita dariya ta kawo.

Ɗan Zangon Nima:
Yaya Gimbiya, shewa ba hujja ba ce,
Kalmar na ƙamusun Turanci na Webster na 1828, ba shakka.
Ke ma in kin yi sallama Larabci kika ara,
Bai mayar da ke haifaffiyar Makka.

Sarkin Aruli:
Ku dakata. Malam ya ce amsa-amo "ka", sai ga "saƙa" a baiti na uku. Ka daban, ƙa daban. Ɗangon Arizona kuwa sai da na tsaya shan iska kafin in kai ƙarshensa.

Malam Tawada:
Ranka ya daɗe, waƙa kunne ke mata hukunci, ba ido ba. Rera ka ji.

Sarkin Aruli:
Na rera, Malam, ɗingishi yake yi,
Gurgun baiti ba ya kai ka garinka.

Na Bakin Ƙofa:
Kai da ba ka taɓa kawo baitin kanka ba sai gyaran na mutane!

Gimbiyar Alƙalami:
Ku bar aruli, ga babbar magana:
Surorin Ishaya da Smith ya saka,
Turancin Baibul na King James ne na 1611,
Har kurakuransa sun biyo shi haka.
Masana sun ce wasunsu a bautar Babila aka rubuta,
Bayan Lihai ya tafi. Ƙanena, ko kai ka aika?
Dutsen duba a hula, fuskar Smith a ciki, magatakarda Cowdery na rubutu,
In fassara ce wannan, ina allon a gabanka?

Ɗan Zangon Nima:
A yi haƙuri, jiya kasuwa ta riƙe ni.

Yaya, mabiyansa wahayi suke kiransa,
Ya zo da harshen da mutum ya sani, ba ƙamus a jaka.
Batun Babila kuwa ki ba ni zuwa Asabar,
Malam, riƙe min fili, ban sauka.

Sarkin Aruli:
Ɗango na biyu ya karye. Kuma "sauka" Malam ya riga ya ci ta tun farko, nemo wata.