Jaka 450 a hannu: kayan kiɗa za mu saya ko sutudiyo za mu shiga?

Gitar_Damagaram: Salamu alaikum. Mu huɗu ne a Damagaram: gita biyu, bas (gita mai kaurin sauti), da mai ganga. Muna da waƙoƙinmu na kanmu guda shida, rok ne da muka gauraya da salon gitar Agadas, kuma babu kamfani a bayanmu. Mun tara jaka 450 na sefa. Gitocin namu ne, ampili (na'urar ƙara sautin gita) da ganguna muke haya. Mu sayi kaya, ko mu tafi Yamai a ɗauki waƙoƙin?

Sani_Bas: Ku fara da gita mai kyau. Ta banza ba ta riƙe sauti, ga hunturu na busar da wuyanta har ƙarafan su riƙa yankar yatsa.

Gitar_Damagaram: Yaya Sani, ai na ce gitoci muna da su.

Tsohon_Sono: Kaya, ƙanena. Ampilin gita mai wat 30 zuwa 50 ya isa filin biki in an kafa masa makirufo a gaba. Na bas ne mai cin kuɗi, don in bai kai wat 100 ba ganga za ta danne shi. Kafin ka biya ka juya bayansa ka karanta: na hannu da ke zuwa daga Amurka yawanci na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 220. Ka soka shi haka, taransifomarsa ta ƙone nan take. Ku ware kuɗin na'urar daidaita wuta kuma. Ƙaramin janareta in an haɗa masa firjin masu biki, wuta na hawa tana sauka, shi ke kashe ampili. Ampili biyu da ganguna na hannu, jaka 350 ta isa.

Ɗan_Maraɗi: Duk wannan ba shi ke rusa ƙungiya ba, rashin takarda ne. Akwai wasu yara biyar a nan Maraɗi da suka yi karo-karo suka sayi mikisa (na'urar haɗa sauti) da lasifika biyu. Mawaƙin aka aika Kano ya sayo, rasit ya fito da sunansa. Yayansa ke karɓar kuɗin biki wai shi manaja. Da lokacin bukukuwan bayan Sallah ya wuce aka ce a zauna lissafi, sai ya ce ai kayan nasa ne, ga rasit. Ya tafi da su, da sunan ƙungiyar, da shafin Facebook, tunda da lambarsa aka buɗe. Mai gangarsu yau kabu-kabu yake yi, kuma ya fi mawaƙin baiwa nesa ba kusa ba. Ku huɗu ne, ku riƙa raba kuɗin wasa biyar: kaso na biyar na kaya ne, tsirkiya, waya, fatar ganga, mai. A rubuta wanda ya sa nawa, da abin da za a ba wanda ya fita, shaidu biyu su sa hannu.

Maman_Ilham: Allah ya isar wa mai gangan nan. Amma su ma da sakacinsu, wa ke ba ɗan'uwan mawaƙi jakar kuɗi?

Bahago227: Mai ganga ai kullum shi ne a baya, ko a hoto ko a rabo.

Injiniya_Yamai: Baba Sono, jaka 350 ɗin nan ta wace shekara ce? Ampilin bas mai lafiya shi kaɗai ya haura 200. Kuma gyaran ampili ne sana'arka, dole ka ce a saya. Ni na ce ku ɗauki waƙa biyu, ba shida ba. Ku buga tare a ɗaki ɗaya, makirufo huɗu a ganguna: babba, ƙarama, biyu a sama. Bas ta shiga mikisa kai tsaye, murya a ƙarshe. Ku sauya tsirkiya kwana biyu kafin ranar, sabuwa fil tana saki. Kada ku fita sai an zuba muku sautin kowane kayan kiɗa da murya daban a WAV (fayil ɗin sauti da ba a matse ba), don in MP3 kaɗai aka ba ku babu mai iya sake haɗa sautin. Jaka 60 kowace waƙa.

Sani_Bas: 60? Ana yi a 25.

Injiniya_Yamai: Da gangar kwamfuta, eh. Tambayi mai 25 ɗin ko yana da ɗakin da za a kafa ganguna.

Tsohon_Sono: Kai kuma ba sutudiyo ke ciyar da kai ba? Etran de l'Aïr tun 1995 suke kiɗan biki a Agadas, sai 2018 kamfanin waƙa na Amurka, Sahel Sounds, ya fitar musu da faifai. Biki ne ya gasa su.

Injiniya_Yamai: Mdou Moctar, shahararren mai gitar nan na Nijar, fa? A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da gangar inji. Waƙoƙin suka bi wayoyi da katin memori har suka kai kunnen mutumin Sahel Sounds, a 2021 kuma kamfanin waƙa na Matador ya fitar masa da faifai. Wanda ba a ɗauka ba wa zai ji shi?

Ɗan_Maraɗi: Waɗanda suka tura waƙar tasa daga waya zuwa waya ko dala ba su ba shi ba. Haka masu tura waƙa a bakin tasha suke har yau: ka kashe jaka 120, su cika wa mutum kati a dala ashirin. Ku yi rajista da BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar, kafin ku saki komai.

Maman_Ilham: Masu turawa ma da sauƙi. DJ ne ya kashe kasuwar. Uwar amarya za ta ce me zai sa ta ciyar da mutum huɗu ta biya motar kaya, ga yaro ɗaya da kwamfuta a rabin kuɗin?

Bahago227: Hajiya, ke ma a bikin ƙanwarki DJ muka gani.

Maman_Ilham: Dangin ango ne suka kawo shi, kuma da aka ɗauke wuta tsit wurin ya yi, ko kalangu babu.