Wace kalma za mu sa wa "sleep apnea" a takardar amincewar majiyyaci?

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Ana shirya takardar amincewa ta wani bincike kan masu ciwon huhu na dindindin, wato COPD, waɗanda kuma ke da "sleep apnea". A daftarin an rubuta "cutar minshari", ni dai ban gamsu ba.

Dr. Bashir: Wa'alaikumussalam. Malama, ki cire minshari. Alama ce kawai, kuma masu minshari da yawa ba su da cutar. Abin da gwajin barci ke ƙirgawa shi ne iska ta daina wucewa ta hanci da baki na daƙiƙa 10 ko fiye, ko ta ragu da kashi 30 cikin 100 har oksijin na jini ya sauka. Sai a raba jimlar da awannin barci. Sau 5 zuwa 14 a awa mai sauƙi ce, 15 zuwa 29 matsakaiciya, daga 30 kuma ta yi tsanani. Shawarata "ɗaukewar numfashi a barci".

Malam Garba: Likita, a yi haƙuri. In aka ce numfashin mutum ya ɗauke, suma ko rasuwa jama'a ke ji. Dattijon da aka karanta wa haka ba zai sa hannu ba. "Sarƙewar numfashi" kuwa ta masu asma ce da masu korona, kuma ido biyu ake jin ta. Kada ma wani ya kawo dannau, wannan farkawa ce mutum ya kasa motsi, ba ruwanta da maƙogwaro.

Malama Rabi: To "toshewar numfashi" fa?

Hajiya Binta: Ba za ta ɗauki duka ba, Malama. Iri biyu ne, kuma maɗaurin da ake zagaya wa ƙirji da ciki lokacin gwaji shi ke raba su. A na farko tsokar maƙogwaro ta saki, harshe da ganda su koma baya su rufe hanya, ƙirji na ta kokawa amma iska ba ta shiga, sai mutum ya zabura da gurnani. A na biyu hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce ba ta aiko umarni ba, ƙirji tsit. Ga kuma COPD, ita ma toshewa ce, amma can cikin ƙananan hanyoyin huhu. Toshewa biyu a takarda ɗaya, majiyyaci zai ɗauka abin shaƙarsa na huhu ya isa maganin duka.

Malam Garba: Ashe "katsewa" muke nema. Kamar layin waya ne, ya katse ya dawo. "Katsewar numfashi a barci", sai a bi ta da "ta maƙogwaro" ko "ta ƙwaƙwalwa". Wadda iska ke raguwa kawai a ce "raguwar numfashi".

Dr. Bashir: Na karɓa. Roƙona ɗaya, kada a kira CPAP, wato na'urar da mai cutar ke sawa da takunkumi lokacin barci, na'urar oksijin. Iskar ɗaki take turawa da matsi, yawanci santimita 4 zuwa 20 na ruwa, ta riƙe maƙogwaro a buɗe. Colin Sullivan ne ya fito da ita a Sidni a 1981. Oksijin kaɗai ba ya buɗe maƙogwaro, kuma ga mai COPD yawansa na iya tara iskar kabon a jini, shi ya sa ake tsayar da ma'aunin oksijin na jininsa tsakanin kashi 88 da 92 cikin 100.

Hajiya Binta: A rubuta awannin sa na'urar ma ƙarara. A wani bincike kan CPAP mai suna SAVE na 2016, mai mutum 2,717, masu na'urar awa 3.3 kacal suke sa ta a dare, kuma ba a ga raguwar bugun zuciya ko shanyewar jiki ba. Yawanci takunkumi mai yoyo da bushewar hanci ke sa a cire ta tsakar dare. A rubuta a takardar cewa a sa ta aƙalla awa 4 kowane dare, kuma a dawo a canza girman takunkumin in yana hura iska a ido.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai. Na sa "katsewar numfashi a barci ta maƙogwaro", CPAP kuma "na'urar tura iska". Za a karanta wa majiyyata kaɗan da baki, su maimaita abin da suka fahimta, kafin a miƙa wa kwamitin ɗa'a.