Neman kalma: me za mu kira "open source" da Hausa? Ranar Alhamis za a kai takarda bugu

Hadiza, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Ina haɗa takarda mai shafi biyu ga ɗaliban ajin kwamfuta na ranar Asabar, a kan abin da mutum zai sa wa kwamfuta idan ya sayo ta, da inda zai riƙa karanta labarai. Na raba manhajoji gida huɗu. Ta kuɗi, ta gwaji da ta kyauta duk sun zauna. Ta huɗun ce ta tsaya min, wadda Turawa ke kira open source, irin su LibreOffice (ta rubuta takardu), VLC (ta kallon bidiyo), 7-Zip (ta matse fayiloli da buɗe su) da Firefox (ta shiga shafukan intanet). Ranar Alhamis da yamma za a kai bugu. Masana, a taimaka.

Injiniya Bashir, titin Ahmadu Bello:
Wa alaikumus salam, Malama. Ko me za ki zaɓa, kada ki haɗa ta da "ta kyauta". Adobe Reader kyauta ne, amma ba wanda kamfanin ya ba izinin ganin rubutun da aka gina shi da shi. VLC kuwa rubutunsa na fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya rarraba. Ni ina cewa "buɗaɗɗiyar manhaja". Gajera ce, tana shiga jimla: "Sauke buɗaɗɗiyar manhaja maimakon ta sata."

Kuma ki ƙara gida na biyar, ta sata ɗin. Yawancin kwamfutocin hannu da ake sayarwa a garin nan suna zuwa da Office wanda aka fasa makullinsa. Kafin mai fasawar ya yi aiki sai an kashe Microsoft Defender, rigakafin ƙwayar cuta da ke cikin Windows, sau da yawa kuma ba a sake kunna shi. Ta wannan ƙofar ƙwayar cuta ke shiga.

Malam Lawal, Tudun Wada:
Injiniya, "buɗaɗɗiya" Turanci ne aka sa wa hula. Buɗe ga wa? Bahaushe zai ɗauka manhaja ce da ba ta da tsaro. Muna da kalmarmu: gayya. Jama'a su taru su yi aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ba lada sai abinci da godiya. Ɗalibai ne suka fara VLC a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, masu sa kai daga ƙasashe da dama suka ɗora. LibreOffice ma gidauniya ce ke riƙe da shi. "Manhajar gayya". Ki faɗa wa tsohuwa a Rigasa, za ta gane kafin ki rufe baki.

Injiniya Bashir:
Allah ya gafarta Malam, kalmar ta yi daɗi, amma ta kauce. Gayya na faɗin wanda ya yi aikin ne, alhali maganar ta lasisi ce. Firefox ma'aikata masu albashi ke rubuta mafi yawansa a Mozilla. Tushen Android a buɗe yake, kuma Google ne ke jan ragamarsa. Shi 7-Zip kusan mutum ɗaya ne, Igor Pavlov, tun 1999. Ina gayyar?

Malam Lawal:
Ai ko a gayya akwai mai gona.

Usman, Kawo:
Me zai hana "manhajar waƙafi"? An bayar don amfanin jama'a, ba mai rufe ta.

Injiniya Bashir:
Waƙafi ba a sayar da shi, ita kuwa wannan lasisinta bai hana sayarwa ba. Kamfanin Red Hat da ita yake cin abinci.

Alhaji Garba, Malali:
Ku yi haƙuri in sa baki. Tun daga kan "manhaja" kuka saki hanya. Manhaja tsarin karatun makaranta ce, daga Larabci, haka muka san ta. Sai "kwamfuta", sai "lasisi". Mu a da "na'ura mai ƙwaƙwalwa" muke cewa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962, kuma mutanen da suka yi aiki a wuraren nan zama suke yi su tace kalma kafin su sake ta. Yanzu kowa da wayarsa shi ne hukumar Hausa.

Zainab, Unguwar Sarki:
Ranka ya daɗe, da "na'ura" da "hukuma" duk Larabci ne. Manhaja ta riga ta zauna, kafafen labarai na Hausa na amfani da ita kullum. Idan Anti Hadiza ta rubuta wata kalma dabam, ɗalibi zai buɗe shafin labarai ya ga abin da bai dace da takardarsa ba.

Alhaji Garba:
'Yata, aro tun kaka da kakanni dabam, aron jiya dabam. Kuma don an faɗi kalma daga Landan ba shi ke sa ta zama daidai ba. Mu ya kamata su saurara.

Malam Lawal:
Shi ya sa na ce gayya. Ba aro a cikinta ko kaɗan. A Kano da an kawo irin wannan za a karɓe ta hannu bibbiyu, mu a Kaduna sai mun ji ta a bakin wani sannan mu yarda.

Usman:
Malam, kada a mai da ita maganar Kano da Kaduna. Malama na da takarda a gabanta.

Injiniya Bashir:
Malama Hadiza, kafin su gama, ga abin da ya kamata ya shiga takardar ko da wane suna aka tsaya.

Da farko a duba wace Windows ce a kai. Microsoft ta daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana buƙatar aƙalla gigabait 4 na RAM, gigabait 64 na ma'aji, da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma tsofaffin kwamfutocin hannu da yawa ba su da shi. Wanda tasa ba ta cika sharaɗi ba, Linux Mint, wadda ke maye gurbin Windows, na tafiya lafiya a kan tsohuwar na'ura, ita ma cikin gidanki na huɗu take.

Sai sabuntawa. A yi ta farko a inda akwai intanet marar iyaka, don tana iya cin gigabait da dama. Bayan nan, wanda ke jona kwamfuta da datar wayarsa ya shiga saitin Wi-Fi ya kunna Metered connection, sai Windows ta rage saukar da manyan abubuwa ba da saninsa ba. Mutane na zargin kamfanin waya da cinye musu data, alhali kwamfutar ce ke sha a ɓoye.

A cire rigakafin gwaji da ya zo da na'urar idan ba za a biya ba. Idan wa'adinsa ya ƙare ya daina sabuntawa, alhali Defender ya wadatar wa mai amfani na gida. Rigakafi biyu a lokaci guda nauyi kawai suke ƙara wa na'ura.

Wurin saukewa shi ne inda aka fi faɗawa rami. Sakamakon farko a shafin bincike sau da yawa talla ne, wani lokaci shafin bogi mai kama da na gaske. A rubuta adireshin da hannu: libreoffice.org, videolan.org, 7-zip.org, mozilla.org. LibreOffice ya haura megabait 300, VLC kusan 40, 7-Zip bai kai 2 ba. Shi 7-Zip yana buɗe fayilolin da ake nema wa WinRAR, wanda na gwajin kwana 40 ne. LibreOffice kuma yana ajiye takarda a nasa tsarin fayil, odt, sai a kai shagon bugu ta fito a karkace ko a rasa mai buɗe ta. A saita shi ya riƙa ajiyewa a docx, tsarin Word, abin da za a buga kuwa a fitar da shi PDF.

Zainab:
A ƙara allon rubutun Hausa. Yana cikin Windows, a saitin harshe ake ɗauko shi, don a samu ƙ, ɗ da ɓ. Game da labarai, a ajiye shafukan BBC Hausa, DW, RFI, Aminiya da Premium Times Hausa a layin alamomin burauza, a riƙa shiga kai tsaye maimakon jiran abin da aka turo a WhatsApp. Duk shafin da ya nemi izinin aiko da sanarwa a ƙi, sai wanda aka sani. Tallace-tallacen da ke faɗowa a kusurwar allo suna cewa kwamfuta ta kamu da cuta, yawanci daga wannan izinin suke. A saitin burauza ake soke shi, ba sai an kai gyara ba.

Malam Lawal:
Duk na yarda. Amma Injiniya, ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, ka sa "buɗaɗɗiyar manhaja" sau biyar a shafi guda, ka ji yadda harshe ke harɗewa.

Hadiza:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da zan yi. Kan sashen zai zama "Buɗaɗɗiyar manhaja", don ita ce ta fi kusa da ma'anar lasisin. A ƙarƙashinsa zan rubuta: "Manhajar da rubutun gininta ke fili, kowa na da izinin dubawa, gyarawa da rarrabawa. Da yawansu aikin gayya ne." Gida na biyar, ta sata, ya shiga. Baba Alhaji, ka yi min afuwa, kwamfuta da manhaja za su zauna, don su ɗalibai ke ji a kasuwa.

Alhaji Garba:
Ki dai sa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" ko sau ɗaya ne, yara su san akwai ta.

Malam Lawal:
An mai da gayya ƙarin bayani ke nan. To, ba laifi, a buga. Amma Malama, ranar Asabar ki faɗa musu duka biyun, sati na sama ki tambaye su wacce suka riƙe.