Abin da aka tattauna kan taswirar yawan tsingaro a kufai

Na tattaro ra'ayoyin da aka bayar kan lissafin da ke nuna inda kayan tarihi suka fi cunkoso, musamman ga masu aiki a kufan wajen Birnin Kudu.

1. Kowa ya yarda a fita da rani bayan girbi, a ɗauki wurin kowane tsingaro da GPS, sannan a zuba a QGIS ko R, wato manhajojin kwamfuta da ake yin lissafi da zana taswira da su.

2. A taswirar, kowane tsingaro ɗigo ne, kuma lissafin kan zagaye shi da da'ira don auna cunkoso. Faɗin da'irar da ake ba kowane ɗigo, nan aka rabu. In ta yi ƙanƙanta, kowane ɓallin tukunya sai ya zama gari. In ta yi faɗi, unguwa biyu su haɗe. Wasu sun ce a bar wa kwamfuta ta zaɓa, wasu sun ce a gwada faɗi uku a kwatanta. Ni dai ina tare da na biyun.

3. Taki! Manomi kan kwaso shara daga gida a mangala, da tsingaronta, ya watsa a gona. Garma da ruwan damina su ƙara bazawa. Cunkoso a taswira ba lallai mazauni ba ne.

4. Kashin ƙira, wato dattin da kan rage bayan an narka ƙarfe, a ware masa taswirarsa daban.

5. Gefen filin da aka bincika kan fito da ƙarancin tsingaro a taswira, don ba a ƙirga na ƙetaren iyaka ba.